Katangar Bakin Kanal

Kafin ruwan madatsar Tiga ya iso mana, tsakanin ƙauyenmu da kasuwa hanyoyi ne barkatai, kowa da tasa. Akwai wadda ta bi ta gindin ɗorawa, akwai ta bayan maƙabarta, akwai burtalin Fulani, ga kuma 'yan ƙananan turbobi da ƙafa ta fitar a tsakanin gonaki, damina ta shafe su, rani ya dawo da su. Ba wanda ya taɓa zama ya zana su. In ka hango wanda bai kamata ku haɗu ba, sai ka karkata cikin dawa kamar fitsari ya matse ka, ka ɓullo can gaba. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Sai aka zo da aikin noman rani. Katafila ta baje gonaki, ta shafe turbobin nan kaf. Aka haƙa kanal, wato babbar hanyar ruwan nan da aka shafe da siminti, aka ratsa ta tsakaninmu da kasuwa. Gada ɗaya aka yi a wajenmu. Daga gadar sai hanyar burji da ta bi gefen kanal ɗin, miƙe sambal har mararrabar da kasuwa take, inda hannu ɗaya ke kai mutum Kura, ɗayan Bunkure. A kan wannan hanya duniya ta taru: tifofi masu jigilar dutse, taraktoci, jakuna, masu keke, matan Fulani da ƙoren nono, tsofaffi da kayan miya. Ga shi ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, direbobi da yawa hannunsu bai gama faɗawa ba. Aka fara kwasar mutane zuwa asibiti, wani da karaya, wani da kekensa a lauye kamar an murɗa kara.

Ni a lokacin ina aiki a ofishin masu aikin ruwan, a Kadawa. Na gama makarantar koyon sana'a a birni aka ɗauke ni mai kwafar zane: injiniya ya zana da fensir, ni in bi da tawada. Ba wani babban aiki ba ne, amma a ƙauyenmu injiniya ake ce mini, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Ina da farar riga mai gajeren hannu, da biro a aljihun gaba, da sabon keke, da sabuwar amarya. A wannan shekara ko hakimi ya ce mu yi musanya, sai na ce ya ba ni lokaci in yi shawara.

Amaryar tawa 'yar fari ce a wurin mahaifiyarta, wadda ta daɗe ba ta haihu ba kafin ta same ta. Ƙauyensu yana maƙwabtaka da namu, gada ɗaya muke hawa. Surukata mace ce 'yar siririya mai saurin tafiya, kuma da daddawa aka san ta. Tun ina yaro nake jin mata suna cewa in ba a sami tata ba gara a yi miya haka nan. Mijinta ya rasu, ta ƙi sake aure, kuma kasuwar nan ita ce fitarta, ita ce hirarta. Can take ganin 'yan uwanta na wasu ƙauyuka, ta ji wa ya haihu, wa ya rasu. Ba ta fashi ko da ana ruwa.

Tun ranar da aka kai gaisuwar neman aurena ban ƙara ganin fuskarta sosai ba. Haka ake yi a wajenmu. Ba na kiran sunanta, ba ta kiran nawa, ba na cin abinci inda take. In na je gidan, a bakin ƙofa nake cire takalmi in durƙusa, ta amsa daga bayan labule. In mun hangi juna a hanya, ɗayanmu ya ratse tun daga nesa, kowa ya yi kamar bai ga kowa ba. Ba ƙiyayya ba ce, girma ne take ba ni nake ba ta. In an yi abin marmari a gidan, kwanona ake fara zubawa a aiko mini.

Wata safiya injiniyan da nake ƙarƙashinsa, wani Bature dogo da rana ta mai da shi ja kamar gauta, ya tsaya a kaina ina kwafar zanen kwalbati. Ya ce ya ji ta bakin kanal nake bi kullum. Na ce haka ne. Ya ce koke ya yi yawa, dagatai sun kai maganar gaba, an ce a raba masu ƙafa da masu keke daga motoci, shi kuma aikin ruwa ya sha masa kai. Ya ce, "Kai ka san hanyar, ka san mutanen. Zana mini abin da kake ganin zai yi, in duba." Wallahi ban san lokacin da na ce to ba. Ranar ko abincin rana ban nema ba.

Na yi aikin da zuciya ɗaya, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na yi ta zama a kan gada ranakun kasuwa ina kallon yadda mutane ke tafiya. Na auna faɗin keke da buhu a gicciye a bayansa, na auna mai ɗauke da dami, na auna jaki da mangala. Na lura mata ba sa tafiya ɗai-ɗai sai bibbiyu, saboda hira, na ƙara musu faɗi. Tsakanin burjin da bakin ruwa akwai wani tsirin ƙasa da ba a komai da shi, nan na shimfiɗa hanyata a takarda. Ta wajen motoci katangar bulo, tsayinta ya kai ƙugu, yadda ko tifa ta ƙwace ba za ta hau mutum ba. Ta wajen ruwa waya, don kada wani ya zame. A tsakiya jerin duwatsu da aka shafa wa farar ƙasa, keke ta nan, ƙafa ta can.

Baturen ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗauki fensir ya ɗiɗɗiga wasu wurare a jikin katangar. Ya ce a bar kafofi jefi-jefi, mutum ya iya fita ko ya shiga. Ni na hana. Ni ɗan ƙasa, da Turancina na makaranta, na tsaya na yi masa bayani kamar mai wa'azi. Na ce bai san mutanenmu ba. In aka bar kafa ɗaya, mai babur zai shigo, mai tarakta zai faɗaɗa ta ya jibge buhunan taki, makiyayi zai koro shanu su sha ruwa, kafin shekara hanyar ta koma ta kowa. Baki biyu kawai za a yi mata, ɗaya a gada, ɗaya a mararraba, a kafa turakun ƙarfe a kowane baki yadda sai mutum da keke za su wuce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kai ka san su." Ya goge ɗigoginsa. Na koma kujerata ina jin kaina kamar na ci kokawa.

Magina suka yi aikin cikin rani. A shekarar ne aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan, kekuna suka cika gari, kowa na jiran hanyar. Ranar da aka buɗe ta dagatai suka zo, aka yi addu'a, wani maroƙi da ba wanda ya gayyato ya yi ta zuba mini kirari, ni kuma ina sunkuyar da kai irin na munafunci, kunnuwana a buɗe. Mutane suka shiga suna shafa katangar suna sa albarka. Kwanakin farko na yi ta kai-komo a kanta babu gaira babu dalili.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kasuwarmu ba ta cika sai bayan azahar, daidai lokacin da muke tashi daga ofis. Ni ina dawowa gida daga mararraba, masu cin kasuwa suna tahowa daga gada. Ranar kasuwar farko bayan buɗewa na shigo hanyar a kan kekena, ina ta buga ƙararrawa ba don komai ba sai don a san ni ne. Na yi nisa, na kai wajen tsakiya, sai na hango ƙwarya. Ƙwaryar na fara ganewa kafin mai ita: babba, ta yi baƙi saboda daɗewa, da ɗinki a gefe ɗaya, an rufe ta da faifai. Ƙwaryar daddawar surukata ce. Na duba nan, katanga. Na duba can, waya da ruwa. Na waiwaya, kekuna ne jere a bayana, babu wurin juyawa.

Na yi abin da ya rage mini. Na sauka, na jingine keken, na cire takalma, na durƙusa na sunkuyar da kai. To amma hanyar da na auna, ban auna ta da mai durƙuso ba. Keken ya tare ɓangaren kekuna, ni na tare rabin na masu ƙafa. In za ta wuce sai gefen zanenta ya shafi kafaɗata. Ta tsaya. Matan da ke bayanta suka tsaya. Masu keken da ke can baya ba su san abin da ake ciki ba, suna ta buga ƙararrawa suna tambaya ko wani ne ya mutu a gaba. Na kusa kuwa sun gane, sun yi tsit, wasu na danne dariya. Na ce, "Barka da rana, Inna," da muryar da ni ma da ƙyar na ji ta. Ta juya fuska wajen ruwa ta ce, "Lafiya." Muka tsaya a haka. Ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar alkama a gaban yatsun ƙafata, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ji motsi. Na ɗaga ido kaɗan, na ga ta sauke ƙwaryar ta ɗora a kan katanga. Ta tattare zanenta da hannu ɗaya, ta dafa bulo, ta ɗaga ƙafa. Babbar mace, uwar matata, tana haura katanga a gaban maza kamar mai satar mangwaro, kuma ni na zana katangar. Wata daga cikin matan ta kama mata hannu. Ta dira a hanyar motoci, ta aza ƙwaryarta, ta wuce ta bayan katangar ba ta waiwayo ba. Wata tarakta ta gifta ta bule ta da ƙura. Na daɗe a durƙushe bayan ta tafi, sai da wani ya taɓa ni ya ce, "Injiniya, a ba mu hanya." Sunan nan bai taɓa yi mini ɗaci ba sai ranar.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matata ta ajiye mini abinci ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Me za ta ce? Ita kanta 'yar fari ce, uwar ba ta kiran sunanta, ba sa doguwar magana, balle ta je ta ce mata ga hanyar da za ki bi. Da kasuwa ta zagayo na ƙi tashi daga ofis, na zauna ina fiƙe fensiran da ba sa buƙatar fiƙa har la'asar sakaliya. Da na dawo aka ce mini ai surukata ta hanyar motoci ta bi, zuwa da dawowa. Na gane dalilin ba sai an faɗa mini ba. Daga bakin gada ba ta da yadda za ta san ko ina cikin hanyar ko ba na ciki, kuma wanda ya shiga ba shi da fita sai ya kai ƙarshe.

Da na buɗe ido sai na ga ba mu kaɗai ba ne. Ƙauyukan nan namu auratayya ta ɗinke su, da wuya ka sami magidancin da ba shi da suruki ko suruka cikin masu cin kasuwar nan. Na ga saurayi ya cicciɓi kekensa ya jefa bayan katanga ya bi shi, don ya hango baban budurwarsa. Na ga wata Bafulatana ta juya da ƙwaryar nononta ta koma har gada saboda uban mijinta yana tahowa. Sannu a hankali dattawa suka bar hanyar suka koma cikin motoci, inda aƙalla mutum zai iya tsallakawa ɗaya gefen ya ba da baya. Hanyar tawa ta zama ta 'yan makaranta da baƙi da waɗanda ba su da kunyar kowa. Waɗanda aka fi yin ta dominsu suna can waje suna kauce wa tifa.

Na je wurin Baturen da niyyar in faɗa masa gaskiya. Tun a hanya na shirya maganar. Da na tsaya gaban teburinsa, ga sauran ma'aikata 'yan birni da 'yan kudu suna saurare, sai bakina ya mutu. Yaya zan ce masa a fasa katanga saboda ba na iya giftawa kusa da uwar matata? Na san dariyar da za a yi, a ce ga ɗan ƙauye da biro a aljihu. Sai na ji kaina ina cewa ai saboda ruwan sama ne, in damina ta zo zai kwanta a hanyar. Ya jawo zanen, ya nuna mini 'yan ramukan ruwa da ni na zana da hannuna a gindin katangar. Ya ce an rufe aikin, an kai maginan wani sashe. Ya ƙara da cewa, "Hanyarka ta yi kyau, kada ka damu." Na fito. A gida ina jin kunyar abin da na gina, a ofis kuma na ji kunyar gidanmu, kuma ta biyun ita ta fi ci mini rai.

Mutum ɗaya ce a gidan surukaina nake iya buɗe baki da ita, kakar matata, wato mahaifiyar surukar tawa. Tsohuwa ce tukuf, babu haƙori sai baki. Tsakanina da ita wasa ne, mijinta take ce mini. Na same ta a zaure tana kaɗi. Tun kafin in zauna ta ce, "Ga maigidana mai gina wa mutane kurkuku. An ce ka iya durƙuso, har ka tare hanyar Kura da gwiwa."

Na ce, "Tsohuwa, yau ba wasa ya kawo ni ba. Ki gaya wa Inna na bar mata hanyar. Ranar kasuwa ko kusa da ita ba zan ƙara zuwa ba. Ta daina bi ta cikin motocin nan."

Ta ajiye mazari ta dube ni. Ta ce za ta faɗa, in dawo jibi in ji.

Da na koma ba ta tsokane ni ba. Ta ce, "Na faɗa mata. Ta ce a gaya maka ta gode. Ta ce mutum ya yi hanya da hannunsa, gari ya yaba, sannan a ce uwar matarsa ta kore shi daga kai ya koma cikin tifofi? In mota ta taɓa ka, da wane ido za ta dubi 'yarta? Ita ta ci zamaninta, kai ka bi hanyarka."

Na ce, "To ta yi sammako mana, kafin mu tashi daga ofis."

Ta ce, "Ta sayar wa wa, kurciyoyi?"

Raina ya ɓaci, da kaina da taurin kan mutanenmu gaba ɗaya. Na ce a zuciyata, tunda magana ba ta yi ba, bari ta gani da idonta. In ta ga ni ma na koma hanyar motoci, kuma ba ni da niyyar dawowa, ai dole ta haƙura ta shiga tawa. Ina ganin babu dabarar da ta kai wannan, kuma ban yi shawara da kowa ba.

Ranar kasuwa na tashi daga ofis a kan lokaci. Da na iso mararraba na wuce turakun bakin hanyata, na hau burji, na raɓi jikin katanga ta waje. Lokacin kwasar tumatir ne, motoci sun yi yawa. Masu tafiya cikin hanyar suna leƙo ni ta saman katanga suna mamaki. Abu ɗaya ne ban yi tunaninsa ba, wanda kowa zai yi: ita ma jikin katangar nan take raɓa. Wajen tsakiya, kusa da inda muka haɗu da fari, na hango ƙwaryar tana tahowa.

Na sauka, na cire takalma, na matse jikin bulo iya matsewa, na durƙusa. Na ce a raina nan dai akwai fili, za ta wuce. Ta kuwa nemi filin. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuskar da ke wajena, ta karkata don ta ba ni tazarar da ta kamata, tana ƙara matsawa har ta kai tsakiyar hanya. Kaina yana ƙasa, amma na ji ƙasar tana rawa a tafin ƙafata. Na ɗago. Tifa ce cike da dutse ta taho ta bayanta, ta ɗaya gefen kuma tarakta na tahowa da akwatunan tumatir. Ta ji ƙarar, na san ta ji, don na ga kafaɗunta sun motsa. Amma in za ta kauce, wajena za ta kauce. Sai ta tsaya cik. Na ce, "Inna," muryar ba ta fita ba, don ban taɓa ɗaga mata murya ba. Sai na tashi na kama ta.

Da hannu biyu na kama damtsenta na fizgo. Ta faɗo ƙirjina, muka bugi katanga tare. Ƙwaryar ta suɓuce ta faɗi ta dare gida biyu, daddawa ta warwatsu a kan burji. Mayafin ya zame, ɗankwali ya bi shi, na ga kan surukata a buɗe, kitso ƙanana da furfura a goshi. Na ji ƙashin hannunta a tafina, siriri ƙwarai. Tifar ta ja birki ta tsaya gaba kaɗan. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, ai na gan ta, ƙafata tana kan birki." Ko gaskiya ya faɗa ko kansa yake karewa, Allah ne masani. Na yi shekaru ina juya maganar nan, wata rana in ce na ceci rai, wata rana in ce na tozarta baiwar Allah a banza.

Mutane suka yi cincirindo a bayan katanga, cikin hanyar da babu abin da zai same su, suna kallonmu. Wasu na cewa sannu, wasu na cewa Allah ya kiyaye gaba. Dattawan ciki kuwa kau da kai suka yi. Na sake ta na ja da baya, na rasa inda zan sa hannuwana. Ta sunkuya ta ɗauki ɗankwalin, ta ɗaura a hankali, ta gyara mayafi. Ba ta dubi daddawar ba. Sannan ta yi mini magana, ba ta bayan labule ba, ba ta bakin tsohuwa ba, kuma ita ce magana ɗaya da ta taɓa yi mini wadda ba gaisuwa ba. Ta ce, "Allah ya saka da alheri. A koma hanya. Na bar kasuwa." Ta juya ta nufi gada, babu komai a kanta.

Na ɗauka ɓacin rai ne, zai wuce. Na roƙi tsohuwa, na roƙi ƙanin marigayi mijinta, har liman na sa ya sa baki. Amsar ɗaya ce: ba ta riƙe ni da komai ba, ƙafa ce ta gaji. Ƙafar da ake gani kullum tana zuwa rijiya tana zuwa gona. Na hau keke na je Kura, na zaɓi ƙwaryar da ta fi kowace girma da kyau a rumfar masu ƙore, na aika mata. Aka ce ta karɓa, ta sa albarka. Ta ɗan ci gaba da yin daddawa tana ba maƙwabta su kai mata, amma irin wannan ciniki ba ya tafiya da aike, sai mai kaya tana zaune ana taya ana hira. A hankali ta daina. Tsohuwa ta ce mini ranar kasuwa Inna takan zauna a bayan danga tana sauraren mata suna wucewa suna kiran juna, har muryoyinsu su ɓace, sannan ta tashi ta kama aiki. Ba don ta ƙona mini rai ta faɗa ba, ni na matsa da tambaya.

Katangar kuwa ba ta daɗe lafiya ba. Aka wayi gari an cire bulo a wani wuri, daidai faɗin mutum ɗaya, can kuma aka cire a wani, ba wanda ya ga mai cirewa, ba wanda ya kai ƙara. Dattawa suka dawo cikin hanyar. Masu babur ma suka shigo, kamar yadda na faɗa, aka yi ta faɗa da su ana zama lafiya. Na aika a gaya wa surukata yanzu akwai wuraren ratsewa. Aka ce ta ce madalla.

Ta yi shekaru masu yawa bayan haka. Ta ga 'ya'yanmu, ta goya su, ta yi musu wasan jika. Ni kuma na ci gaba da durƙusawa a bakin ƙofarta duk sallah, tana amsawa daga bayan labule kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Da ta rasu aka raba 'yan kayanta, matata ta dawo gida da wani abu a lulluɓe cikin zane. Ta ajiye a gabana ta shige ɗaki. Na buɗe, sai ga ƙwaryar da na sayo a Kura, cikinta fari tas kamar ranar da na zaɓe ta. Na kai hancina, ina fatan in ji ko ɗan warin daddawa. Ban ji komai ba.